Rimot a Aljihun Wando

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ba daɗin ranar ne ya sa ba. Wani ɗan abu ne da bai kai kwalin ashana girma ba ya tsone min ido a gaban surukaina, ni kuma da ƙafata na je kasuwar Wuse na zaɓo shi. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya taso min sabo fil.

A shekarun nan ne da mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, aka yi mana ƙarin albashi, kowane ma'aikaci a Abuja ya rataya salula a ƙugu yana tafiya yana buɗa hammata. Ma'aikatarmu ta tura mu wani ɗan kwas a waje. Abokan tafiyata suka dawo da akwatunan shadda da turare, ni na dawo da kyamara. Babba ce, baƙa, mai nauyi, irin wadda ba ta cin fim sai ɗan kati, kana ɗauka kana ganin hoton nan take a ɗan gilashin bayanta. Daga ranar na naɗa kaina mai hoton ofis da na unguwa da na dangi. Ban yarda kowa ya taɓa ta ba (matata Hadiza ma sai dai ta kalla daga nesa), saboda haka duk hotunan gidanmu babu ni a ciki. In ka duba su za ka rantse matar ba ta da miji. Akwai wata dabara a jikin kyamarar, ka danna ta ba ka 'yan daƙiƙu ka ruga ka shiga sahu. Na gwada sau ɗaya ranar Sallah, babbar riga ta harɗe ni, hoton ya fito da ni a tsakiyar faɗuwa. Na ce ni da wannan gudun har abada.

Da cikin Hadiza ya tsufa ta koma gidansu a Kubwa, a can ta haihu. Ni a Dutse Alhaji nake, ciki da falo, ko rago ɗaya ba shi da wurin juyawa a tsakar gidan, don haka mahaifinta ya ce a yi komai a gidansa. Baba Alhaji muke ce masa. Darakta ne a wata ma'aikata, mutum mai kamewa, wanda ko dariya sai ya auna ta kafin ya sake. Tun da na fara neman 'yarsa ban taɓa ganinsa babu hula ba, ban taɓa ganin yana tauna ba. In ya ce maka "Madalla," to ka ci babbar kyauta.

Saboda haihuwar aka je ƙauye aka ɗauko mahaifiyarsa, Iya, tsohuwa tukuf amma bakinta garau. Sunanta za a sa wa jaririyar. Iya ba ta yarda da hoto ba. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarta a duniya, lokacin da za ta Makka, shi ma ta fito ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi. Ta ce hoto aikin 'yan bariki ne, wanda yake son ganinta ya zo ya gan ta. Baba Alhaji ya daɗe yana lallaɓa ta, sai wannan karon ta sassauto. Ta ce albarkacin takwara za ta zauna, amma sau ɗaya, kuma kada a ɓata mata lokaci, don ranar sunan za ta koma gida ta duba awakinta.

Ya kira ni falonsa, na durƙusa, ya ce, "Ina son hoton nan ƙwarai. Iya, da ni, da Hadiza, da jaririya, kai ma ka shiga. Ban san ko za mu sake haɗuwa haka ba. Zan sa a kira mai hoton bakin titi."

Nan fa girman kai ya motsa. Na ce, "Haba Baba, da ni a gida a kira wani? Ai wannan aikina ne."

Ya ce, "Kai da za ka shiga ciki?"

Na ce, "Akwai hanya, Baba. Ka bar min."

Ya dube ni ya ce, "To, na bar maka." Da ma a nan na ce a kira mai hoton, da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

Hanyar ita ce rimot, ɗan makunnin da kake dannawa kyamara ta ɗauka ba tare da ka taɓa ta ba. Washegari na tashi daga ofis na nufi Wuse, na sami wani shago da ke sayar da kayan hoto. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, amma ya iya Hausar ciniki. Ya ajiye min guda biyu a kan kanta.

Na farko mai igiya ne. Ka soka bakin igiyar a jikin kyamara, ka riƙe makunnin a hannu, shi ke nan. Ba ya cin batir, babu abin saitawa, amma igiyar ba ta wuce taku uku ba. Na biyu kashi biyu ne, ɗaya a maƙala a kan kyamara, ɗayan ɗan mitsitsi mai maɓalli ɗaya a tsakiya, ka tafi da shi inda kake so.

Na tsaya ina juya su, kuma don Allah ku yi min adalci, tunanin da na yi ba na wawa ba ne. Mai igiyar zai fito a hoton, igiya ta taso daga hannuna ta nufi kyamara kamar ana min ƙarin ruwa. Ga gidan suna cike da yara, ɗaya ya yi tuntuɓe da ita, kyamara ta sha ƙasa. Marar igiyar kuma ina tsoron batir ya mutu a lokacin da ake buƙatarsa. Ina cikin wannan lissafin mai shago ya karɓi kyamarata (na bari, don ya fi ni saurin hannu), ya maƙala abin, ya fita waje, ya tsallaka layi har gaban mai sayar da labule, ya ɗaga hannu. Kyamara ta ce ƙyas a gabana, ita kaɗai.

Ya dawo yana dariya. "Oga, ka gani? Wannan wireless ne. Ko kana bayan gida ma shi zai ɗauka. Wancan mai igiya na tsofaffi ne, big man kamar kai ba ta riƙe igiya."

Kalmar nan ta "big man" ita ta kashe ni. Na manta da batir, na manta da komai, na ce a naɗe min marar igiya. Na ƙara batir na ko-ta-kwana, na fito ina jin na rufe duk wata ƙofar da tsautsayi zai shigo ta ita. Kwanakin da suka rage na yi su ne ni kaɗai a gida ina gwaji. Na ɗauki kaina a kan kujera, na ɗauki kaina ina shan shayi, na ɗauki kaina daga cikin kicin ta bayan bango, duk ya yi. Har na ƙara wata dabara: na saita kyamarar yadda in ka danne maɓallin ba ka saki ba za ta yi ta ɗauka a jere, don ko wani ya ƙifta ido a samu mai kyau. Na goge hotunan gwajin tas, kati ya koma fanko. Kati na biyu kuwa ban ga dalilinsa ba, tunda hoto ɗaya za a yi.

Ranar suna na isa Kubwa da sassafe cikin sabon ɗinki. A lokacin ana yayin matsattsen wando, tela kuma ya auna ni ne kafin ƙarin albashi ya sauka a tumbina. Na zagaya gidan na sami wuri mai kyau ta gefe, bayan rumfar baƙi, inda inuwar katanga take faɗowa kuma babu masu wucewa. Na sa aka fito da doguwar kujera daga falo, na kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, na saita ta daidai kujerar, na gwada sau ɗaya na goge. Akwai ɗan abin kashewa a gefen rimot ɗin, na gan shi sarai. Na ce a'a, tsohuwar nan tana iya cewa yanzu ko ta fasa, gara in kasance a shirye. Na bar shi a kunne, na jefa a aljihun wando na gaba tare da makullan mota.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Daga nan aikin uban jaririya ya fara, wato gaisuwa. Duk wanda ya san gidan surukai ya san ba a gaida manya a tsaye. Ƙannen Baba Alhaji, na durƙusa. Abokan aikinsa, na durƙusa. Limamin unguwa, dattawan da suka zo daga ƙauye, wani tsoho da har yau ban san ko wane ne ba, duk na kai gwiwa ƙasa. Kuma gaisuwar dattawa ba ta da gajarta, sai an tambayi gajiya, da mai jego, da aiki, da mutanen gida, da ruwa, kana tsugune wando yana neman tsagewa. Aka shiga da ni wurin mata, nan ma gwaggo bayan gwaggo. Janareta yana ta ruri tun safe, mata suna guɗa, maroƙi yana ta zuba kirari a bakin ƙofa. Lokaci zuwa lokaci nakan leƙa in hango kyamarata tsaye inda na bar ta, in ji hankalina ya kwanta.

Bayan azahar direban da zai mayar da Iya ya fara kallon agogo, yana cewa hanya da nisa. Aka ce a fito a yi hoto. Aka kamo hannun Iya, ta sha sabon zani da farin mayafi, tana tafe tana mita. Da ta gan ni ta ce, "Kai ne mai ƙarfen? To yi sauri, ni ba 'yar fim ba ce." Ta zauna a tsakiya, aka ɗora mata takwara a cinya. Baba Alhaji ya zauna a damanta ya gyara hula, Hadiza ta raɓe a hagu tana sunkuyar da kai don kunyar 'yar fari. Surukata Hajiya da sauran jama'a suka tsaya gefe suna kallo. Har janareta aka kashe don Iya ta ce ƙararsa tana sa mata ciwon kai. Wuri ya yi tsit.

Na zagaya bayan kujera na tsaya, na zaro rimot ta yadda kowa zai gani (wannan ɗaga hannun da na yi, Allah Ya yafe min), na ce, "Kowa ya kalli can. Iya, ɗan murmushi." Wallahi ta yi. Tsohuwar da ba ta taɓa yi wa kyamara murmushi ba ta buɗe baki har da ɗan sauran haƙoranta.

Na danna. Shiru.

Na sake dannawa. Shiru. Na ce batir ne, na yi murmushin wanda ya shirya, na canza batir a gaban jama'a, na danna da ƙarfi. Ko tari kyamarar ba ta yi ba. Na ce, "Minti ɗaya," na ruga wurinta na duba bayanta, sai na ga ta rubuto min da Turanci cewa kati ya cika.

Ya cika da me? Ni da na goge shi da hannuna? Na danna in ga abin da ke ciki, sai ga kujera, babu kowa. Na matsa, kujera. Na matsa, kujera da wata kaza tana wucewa. Na fara gogewa ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto kuma sai kyamarar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban ankara ba Baba Alhaji ya taso ya tsaya a bayana, Hajiya ma ta matso tana tambayar me ya faru. A daidai lokacin na matsa gaba, sai ga shi a gilashin.

Ashe da hantsi, da hayaniya ta dame shi, ya zagayo nan gefen ya sami kujera a inuwa ba kowa. Ga shi zaune ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sanƙonsa yana sheƙi. Ga faranti a cinyarsa cike da soyayyen kayan ciki. Kuma da yake a jere take ɗauka, abin sai ya zama kamar fim: hannu ya sauka, hannu ya taso da tsoka, baki ya buɗe, ido ya lumshe. Ga shi yana waige-waige. Ga shi yana sakace da tsinken tsintsiya. Na rasa yadda zan tsayar da yatsana, ina ta matsawa ina neman inda abin zai ƙare, shi kuwa sai ƙara tsawo yake.

Abin da ban sani ba sai ranar, likita ya hana shi nama saboda hawan jini, Hajiya kuma ita ce 'yar sandan dokar. Ta sa hannu a haɓa ta ce, "Alhaji! Kai da ka ce min kunu kawai ka sha?"

Ni ya duba, muryarsa can ƙasa, ya ce, "Tun yaushe kake ɗaukata?"

Na ce, "Baba wallahi ban ɗauka ba."

"Wa ya ɗauka?"

Ni ma ban sani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. A ransa, na tabbata, ya gama yanke cewa surukinsa ya kafa masa tarko ne a gidansa, ya ɓuya wani wuri yana danna abin nan yana dariya.

Can sai muryar Iya. "Ni na gaji. Sau ɗaya na ce, kun ce in washe baki na washe, ƙarfen ya ƙi. Karɓi 'yarki." Ta miƙa wa Hadiza jaririya ta yunƙura ta tashi. Na cusa rimot a aljihu ban ma san na yi ba, na ruga na sha gabanta, na zube ƙasa ina cewa, "Iya don girman Allah ki ƙara min minti ɗaya."

Gwiwata na taɓa ƙasa, kyamara ta ce ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas, babu wanda ya taɓa maɓallinta.

Kowa ya juya. Na miƙe a firgice, ta yi shiru. Na koma na durƙusa, ta sake ƙyas-ƙyas, sannan ta tsaya, don 'yan guraben da na goge sun sake cika. Nan na gane. Duk wanda yake wurin ma ya gane. Tun safe duk gaisuwar da na yi, wandon nan yana matse rimot da makullai a cinyata, kyamara tana can tana aikinta. Gwargwadon tsawon gaisuwa, gwargwadon yawan hotuna. Wata gwaggo ta fara ƙunshe dariya da mayafi, daga nan abin ya kama kowa, har maroƙi ya leƙo yana tambaya.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ja da baya tana cewa, "A'uzu billahi. Abin da yake aiki ba mai shi, ni za ku zaunar a gabansa? Ku kai ni mota." Baba Alhaji ya bi ta yana "Iya, Iya, ki tsaya," ta ce ko ubansa ne ya dawo ba ta sake zama. Ina tsaye ina kallo aka rufe mata ƙofa, motar ta fita.

Da ya dawo bai yi min faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Ya tsaya a kaina na goge hotunansa kaf, yana kallo, Hajiya tana gefe tana lissafa masa abin da likita ya ce. Da na gama ya ce, "Madalla," ya shige ciki. Ban taɓa jin madallar da ta yi min ciwo irin wannan ba. Na yi watanni ina zuwa gidan in gaida Hajiya a gurguje in gudu kafin ya dawo daga ofis.

Iya ba ta sake zuwa Abuja ba. Kafin damina ta zagayo Allah Ya yi mata rasuwa. Bayan an share makoki Baba Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame. Ya ce, "Waɗanda abin naka ya ɗauka a ƙarshe, da ka tsuguna. Suna nan?"

Suna nan, kunya ce ta hana ni ko duba su sosai. Na kawo masa. Ɗaya ne kawai Iya ta fito a ciki yadda za a gane ta: tana tsaye, ta juya rabi, hannu ɗaya a sama tana kore ni, bakinta a buɗe tana faɗa. A gefe ga hannun Hadiza da ƙafar jaririya. Shi babu shi a ciki sam, yana bayan kyamara. Sauran hoton kuwa, kusan rabinsa, bayana ne, a durƙushe, wando ya ɗame kamar zai tsage. Ya kalla ya kalla, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haka take. Wallahi haka take in tana faɗa." Ya ce in wanko masa babba.

Na ce, "Baba, ana iya yanke ni."

Ya ce, "In an yanke ka an yanke zaninta. Bar shi yadda yake."

Hoton yana nan a falonsa har yau, cikin firam mai ruwan zinare, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Baƙo zai ce Allah Ya ji ƙan Iya, sannan ya tambaya wane ne wannan da ya ba mu baya. Baba Alhaji kuma, ba tare da ko murmushi ba, sai ya ce, "Surukina ne. Shi ne mai hoton."

Na koma Wuse na sayi mai igiyar, kuma ban damu ba in ta fito a hoto. Abin da na koya shi ne, duk abin da zai yi maka aiki daga nesa yana iya yi ba da izininka ba, gara wanda kake riƙe da igiyarsa. Yanzu ko limamin unguwa zan durƙusa wa, sai na fara laluba aljihuna.